Amsa: Gubar da ke sandarar da jiki

Malam, ka ce karen maƙwabcinku a Bauchi ya ci naman da aka barbaɗa wa guba, jikinsa ya sandare, bayansa ya lanƙwashe, ko tafi aka yi sai ya zabura. Kana tsoro saboda yara.

Alamomin sun yi kama da na wata guba da ake kira sitirikinin, amma likitan dabbobi ne zai tabbatar. Farar hoda ce marar wari, mai tsananin ɗaci, daga 'ya'yan wata bishiya ta Indiya, dangin ƙoƙiyarmu. A 1818 masana a Faransa suka fara tace ta. Akwai wani sinadari mai suna gilaisin a lakar ƙashin baya, wanda ke tsawata wa jijiyoyi su lafa. Gubar tana toshe masa hanya, sai tsokoki su ɗaure gaba ɗaya, har na numfashi. Cikin minti 15 zuwa 30 take farawa. Abin tausayin, mutum yana cikin hayyacinsa, yana jin komai, saɓanin mai farfaɗiya.

Idan yaro ya ci, don Allah kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, kada a cusa cokali a bakinsa. Kada a zauna ana cewa iska ce. A rage haske da hayaniya da taɓa shi, a garzaya Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ko mafi kusa, tare da ragowar abin a leda. Ba ta da makari, amma likitoci suna kwantar da jijjigar da allura, su tallafa wa numfashi.

Mushen karen kuwa, a sa safar hannu a binne shi da zurfi.