Tambayoyin Masu Karatu: Koya wa Yara Maganar Allah da Kayan Cikin Gida

A wannan fitowa, yawancin wasiƙun da suka iso mana daga malaman makarantar Lahadi da iyaye suke, kuma kusan duk a kan abu guda ne: yadda za a yi amfani da kayan da ake gani kullum wajen koya wa yara da matasa Maganar Allah. Mun zaɓi huɗu daga ciki, mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina koyar da yara 'yan shekara 6 zuwa 10. Ba mu da hotuna, littafin darasi ma guda ɗaya ne muke karɓa-karɓa da sauran malamai. An ba ni shawara in riƙa zuwa da kayan gida ina koyarwa da su, amma wani dattijon ikkilisiyarmu ya ce wannan wasa ne kawai. Shin ya dace? In ya dace, ta ina zan fara? Daga wata malamar makarantar Lahadi, Sabon Tasha.

Amsa: Malama, Allah ya ƙara miki ƙarfi cikin wannan hidima. Tsoron Baba dattijo yana da tushe, domin akan sami ajin da yara za su fito suna ta labarin abin da malami ya riƙe a hannu, alhali babu wanda zai iya faɗin ayar da aka karanta. Sai dai hanyar kanta daga cikin Littafi Mai Tsarki ta fito. Da aka tambayi Yesu a kan biyan haraji ga Kaisar, cewa ya yi a nuna masa kuɗin da ake biya da shi, ya tambaya hoton wa da sunan wa ke jiki, sa'an nan ya ba da amsa (Matiyu 22:19-21). Da almajirai suka so sanin wane ne mafi girma a Mulkin Sama, ya kira ƙaramin yaro ya tsai da shi a tsakiyarsu (Matiyu 18:1-4). A daren da aka bashe shi ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafunsu, sai da ya gama ya tambaye su ko sun gane abin da ya yi musu (Yohanna 13:4-15).

Saboda haka ki fara daga nassi. Ki karanta shi tun farkon mako, ki yi addu'a a kansa, ki tsai da gaskiya guda ɗaya da kike so yaran su tafi gida da ita, bayan haka ne za ki duba ɗakin girki ko tsakar gida ki nemi abin da zai taimaka wajen nuna ta. Malamin da ya fara ganin abu mai ban sha'awa, daga baya ya shiga neman ayar da zai liƙa masa, shi ne yakan lanƙwasa nassi ya faɗi abin da bai faɗa ba, kuma irin wannan ne Baba yake gudu.

Ɗauki Matiyu 5:14-16. Abin da Yesu ya ce ba a kife fitila da shi ma'aunin hatsi ne, don haka mudu ko tiyar da ake auna masara da ita a kasuwa ita ce ta fi kusa da abin da masu sauraronsa suka sani. Ki zo da ƙaramar fitila mai caji, ki bar kyandir da aci-balbal a gida, domin wuta da cunkoson yara ba sa haɗuwa. Ki karanta ayoyin tukuna, ki rufe tagogi, ki kunna fitilar, sa'an nan ki sa yaro guda ya kife ta da mudun. Ki tambaye su ko fitilar ta mutu. Za su ce tana nan a kunne. Ki sake tambaya, to wa take amfana yanzu? Ki yi haƙuri ki jira, kada ki amsa musu. Daga nan ki kai su ga rayuwarsu: a ina ne yaro mai bi yake kife fitilarsa? Su da kansu za su ambaci lokacin da aka zalunci wani a makaranta suka yi shiru, ko ranar da aka aike su suka ɓoye canji. Ki rufe da aya ta 16, domin a can ne manufar take, wato mutane su ga kyawawan ayyuka su ɗaukaka Uba da ke Sama. In aka tsallake wannan aya, darasin yakan koma koyar da yaro neman yabo.

Dalilin da ya sa na fi son kayan gida a kan hotunan da ake shigowa da su daga waje shi ne, yaron zai sake haɗuwa da su. Daren da aka ɗauke wuta, uwarsa ta kunna irin wannan fitila, darasin zai dawo masa ba tare da kina wurin ba. A ganina rashin kayan zamani da kike kuka da shi bai rage ki da komai ba a wannan fanni.

Idan damina ta kama, ki gwada misalin mai shuka (Markus 4:3-20) da gwangwanayen madara huɗu da 'yan ƙwayoyin wake. A na farko ki daddanna ƙasa ta yi tauri ki ajiye iri a samanta, na biyu ki cika shi da tsakuwa ki yafa ƙasa kaɗan, na uku ki zuba ƙasa mai ciyawa, na huɗu ƙasa mai taki. Wake yakan tsiro cikin mako guda, saboda haka yaran za su iso Lahadi mai zuwa suna ɗokin gani, kuma za ki iya bin darasin har makonni uku ko huɗu. In na kan tsakuwa ya yi saurin fitowa kada ki damu, haka aya ta 5 ta ce zai yi. Wannan misali yana da sauƙi ga malami, tun da Yesu da kansa ya fassara shi daga aya ta 14. Ki kuma roƙi Baba cikin ladabi ya zo ya zauna a ajin wata Lahadi, ki ba shi ya karanta nassin ya yi addu'ar rufewa.

Tambaya: Ɗana yana aji biyar na firamare, abokansa suna yawan tambayarsa yadda Allah zai zama ɗaya kuma a ce Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. A coci an koya musu da ruwa, ƙanƙara da tururi. Wannan misali daidai ne? Daga wata uwa, Barnawa.

Amsa: 'Yar'uwa, misalin ya yaɗu ƙwarai kuma masu yin sa da kyakkyawar niyya suke yi, amma bai dace da abin da ikkilisiya take shaidawa ba. Ruwan da ke cikin kofi yakan daskare, ya narke, ya tafasa ya zama tururi, abu guda ne yake sauya kama daga wannan zuwa wancan. Yaron da ya riƙe wannan zai ɗauka cewa Allah ya kasance Uba a wani zamani, ya koma Ɗa, daga baya ya zama Ruhu. Wani malami mai suna Sabaliyus ya koyar da makamancin haka a Roma a farkon ƙarni na 3, ikkilisiya ta ƙi koyarwarsa, kuma shaidar bangaskiyar da ta fito daga majalisar Nikiya a shekara ta 325, aka cika ta a Kustantiniya a 381, ita ce masu bi suke riƙe da ita har yau. Ki duba baftismar Yesu a Matiyu 3:16-17: Ɗa yana fitowa daga ruwa, Ruhu yana saukowa kamar kurciya, muryar Uba tana magana daga Sama, duk a lokaci guda. A Gatsemani ma Ɗa yana addu'a ga Uba, ba kuwa da kansa yake magana ba.

Misalin ƙwai, wato ɓawo da fari da gwaiduwa, shi ma ya kauce ta wani gefen, domin yana raba Allah kashi uku, alhali Kolosiyawa 2:9 ta ce dukan cikar Allahntaka tana zaune cikin Almasihu. Annabi Ishaya ya riga ya tambaya da wa za a kamanta Allah (40:18). A nan kayan gida sun kai iyakarsu, kuma gara a gaya wa yaro haka a fili.

Ki koya masa abin da nassi ya faɗa a sauƙaƙe: Allah ɗaya ne (Maimaitawar Shari'a 6:4), Uba Allah ne, Ɗa Allah ne, Ruhu Mai Tsarki Allah ne, Uba kuma dabam yake da Ɗa, Ɗa dabam da Ruhu. Yaro mai shekara goma zai iya riƙe wannan, kuma babu kunya in ya ce wa abokansa girman Allah ya fi ƙarfin tunaninsa. A gari irin Kaduna, inda 'ya'yanmu da na maƙwabtanmu Musulmi suke zama benci ɗaya, ki nuna masa ya amsa da tawali'u da girmamawa kamar yadda 1 Bitrus 3:15-16 ta umarta, ya guji gardama da zagin addinin kowa. Malamin da ya koyar da misalin kuma, ki same shi a keɓe ku duba ayoyin tare.

Tambaya: Ni shugaban zumuntar matasa ne. Duk sa'ad da na zo da wani abu a hannu sai su yi murmushi, suna ganin abin ƙananan yara ne. In bari? Daga wani ɗan'uwa, Kafanchan.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka bari. A gaban dattawan jama'a da manyan firistoci ne Irmiya ya fasa tulu (Irmiya 19:1-11), kuma manzo Bulus ne annabi Agabus ya karɓi ɗamararsa ya ɗaure kansa hannu da ƙafa da ita (Ayyukan Manzanni 21:11). Abin da ke ƙosar da matasa shi ne su hango ƙarshen misali tun kafin ka buɗe baki. Maganinsa ka ba su aikin. Ka raba su ƙungiya-ƙungiya, ka ba kowace nassi, su nemo abin da zai bayyana shi, kuma dole su amsa tambayoyi biyu: ina misalin ya yi daidai da nassin, ina kuma ya gaza?

Ga misalin takardar kuɗi da kowa ya sani, wadda ko ta tsufa ta yi datti darajarta tana nan. Da fari, kada ka cukuikuye ta ko ka tattaka ta a gabansu, domin sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana wulaƙanta naira, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyu. Ka zo da wadda ta riga ta sha hannu, ka haɗa ta da sabuwa, ka tambaya wacce ta fi saye. Daga nan ka kai su Farawa 1:27, inda darajar mutum ta rataya ga Wanda ya yi shi cikin kamaninsa. Cikin matasanka kuwa ba za a rasa wanda zai tuna da farkon 2023 ba, lokacin da, bayan an sauya fasalin takardun 200, 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, 'yan kasuwa suka riƙa ƙin karɓar tsofaffin. Zai ce ai kuɗi yana iya rasa darajarsa dare ɗaya. Ka yaba masa, domin ya gano inda misalin ya tsaya: hukumar da ta buga kuɗi tana iya sauya shawara, Ubangiji kuwa ya ce shi ba ya sākewa (Malakai 3:6). Matashiyar da ta faɗi jarrabawa, ko saurayin da ya yi shekaru yana neman aiki, wannan ne suke bukatar ji, kuma ya fi shiga zuciya in daga bakin ɗan'uwansu ya fito.

Tambaya: Na ga ana ɗiga aidin a ruwa ya yi duhu, a ce zunubi ne, sai a zuba ruwan bilicin na wanki ya washe, a ce jinin Yesu ne. Ina so in yi wa yaranmu a taron hutu. Daga wani malami, Narayi.

Amsa: Malam, ban ba ka shawarar haka ba. Bilicin yana ƙona ido, yana cutarwa in an haɗiya, kuma in aka gauraya shi da wasu sinadaran wanke banɗaki yana fid da iska mai guba, yara kuwa abin da suka gani a coci shi za su koma su gwada a gida. Ban da haka, ƙananansu za su ɗauke shi dabo, su yi ta mamakin hannunka su manta da gicciye.

Akwai kuma batun launi. Tun kafin 1866, sa'ad da mai wa'azi Charles Spurgeon ya yi wa'azi a Landan da shafuka uku, baƙi da ja da fari, aka saba nuna zunubi da baƙi. Ga yaranmu masu baƙar fata wannan yana bukatar lura, gama yaro yakan dubi hannunsa ya yi tunanin da ba za ka ji ba. Ishaya 1:18 da jan launi ta kwatanta zunubi.

Ka yi amfani da littafin bashi irin na mai shagon unguwa, wanda duk yaron da aka taɓa aika karɓo sabulu ko sukari bashi ya san shi. Ka rubuta basussuka a ƙarƙashin wani sunan ƙage, kada ka sa sunan yaron da ke ajin, ka jimlace su har su fi abin da ke aljihun kowa a ɗakin. Ka shirya da wani malami ya shigo ya biya daga nasa kuɗin, ka soke shafin a gaban idonsu, ku karanta Kolosiyawa 2:13-14 tare. Sa'an nan ka tambaye su wa ya ci bashin, wa ya biya, kuma ko mai shago yana da ikon sake bin yaron wannan kuɗi.