Fulocat ɗina ya cinye shafi huɗu, wace manhaja zan saya?

Tambaya: Malam, ina shekarar ƙarshe a sashen kwamfuta. Na gama rubuta manhajar rajistar marasa lafiya, sannan na zana mata fulocat (zanen akwatuna da kibiyoyi da ke nuna matakan aikinta) don babi na uku. Ya cinye shafi huɗu, kibiyoyi duk sun sarƙe, mai duba aikina ya dawo mini da shi har sau biyu. Saura mako uku in kare aikin, hankalina a tashe yake. Ko Visio, manhajar zane ta Microsoft, zan saya?

Amsa: Riƙe kuɗinka, ɗalibi. Akwai draw.io kyauta, in kuma kana son ganin zanen yana gudana akwai Flowgorithm. Fensir da takarda ma sun isa.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne "na gama, sannan na zana". Kullum sai na ji wannan. An mai da fulocat kamar hoton fasfo da ake mannawa a fom don kada a ce babu. Wasu masu shagon buga takardu ma guda ɗaya gare su a kwamfuta, su sauya masa suna su sayar wa duk wanda ya zo. Wanda ya gama gini sannan ya zana taswira, karkatar bangonsa zai zana. Sarƙewar kibiyoyinka ruɗanin da ke cikin manhajar ne ya fito fili, ba manhajar zanen da za ta warware shi. Kuma aikin asibiti ne fa! In aka nemi lambar kati ba a samu ba, ina manhajarka take zuwa? Irin wannan giɓin ne ke sa a buɗe wa mutum ɗaya fayil biyu, likita ya rubuta magani bai ga tarihinsa ba.

Tun 1971 masanin kwamfuta Niklaus Wirth ya bayyana hanyar: daga sama ake farawa, a riƙa tacewa mataki-mataki. Shafin farko akwati huɗu kawai: rajista, neman kati, turawa ga likita, biyan kuɗi. Kowanne ka yi masa alamar nan mai layi biyu a gefe, mai nuna cewa bayaninsa yana wani wuri, da ke cikin ƙa'idar zanen fulocat ta duniya, ISO 5807, ka ba shi shafinsa, ƙofar shiga ɗaya, ta fita ɗaya. Duk akwatin tambaya ka rubuta masa "i" da "a'a". Inda zanen ya saɓa da manhajar, manhajar za ka gyara. Fara da neman kati yau, ka ga inda kibiyar "a'a" ta nufa.