Ina Horar Da Yara Ƙwallo Kyauta, Shin Ina Da Lada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, shekara 3 ke nan ina koya wa yara wajen 20 ƙwallon ƙafa duk ƙarshen mako, ba mai biyana. Mu ma haka wani bawan Allah ya yi mana muna ƙanana. Yayana ya ce lagawu ne kawai, wato aikin banza. Kuma wasu iyaye sukan miƙo mini ɗan kuɗin mota. Shin ina da lada? Karɓar kuɗin zai ɓata shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, wasan motsa jiki asalinsa halal ne, sai in haram ta shige shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da māsu a cikin masallacin Annabi (SAW), Sayyidina Umar ya ɗebi tsakuwa zai jefe su, Annabi ya ce ya ƙyale su. Abin da aka bari a masallaci, ba a hana shi a fili ba.

Ruwayar da ta fi kusa da aikinka ita ce ta Salama bin Akwa' a Bukhari. Annabi (SAW) ya wuce wasu 'yan ƙabilar Aslam suna gasar harbin kibiya, ya ƙarfafa su, ya ce yana tare da ɓangare guda. Sai ɗaya ɓangaren suka daina harbi, suka ce ta yaya za su harba alhali yana tare da waɗancan? Ya ce su harba, yana tare da su duka. Ka riƙe wannan. Yaron da kullum yake zaune a benci yana wasa da igiyar takalminsa, haƙƙinsa a kanka ɗaya ne da na mai cin ƙwallaye, ko da ɗan mai kawo kuɗin motar ne gwanin.

Don haka idan niyyarka ka raba yaran nan da zaman banza da miyagun abokai, ka koya musu haƙuri da bin doka, kana da lada in sha Allahu, kuma aikin ya shiga cikin taimakon juna a kan alheri da aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta yi umarni da shi. Wanda ya koya muku, in yana raye ka ziyarce shi, in ya rasu ka yi masa addu'a.

Yayanka bai yi kuskure gaba ɗaya ba, domin mun sha ganin ana kiran Magariba ana cewa saura minti biyar a tashi. Hura usur, a yi sallah. Wando ya sauka zuwa gwiwa. Ban da zagi, ban da karo-karon kuɗi tsakanin 'yan wasa wanda ya ci ya kwashe, wannan caca ce. Kada ka keɓe da yaro a inda ido ba ya gani, ko don kare mutuncinka. Kuma da ka ce za ka zo, iyaye suka damƙa maka 'ya'yansu, aikin ya zama amana, ba a fasawa don yau ba ka ga dama ba. In ya fara cin haƙƙin iyalinka ko abin da kake ci da su, rage shi, farilla ce gaba.

Batun kuɗi kuwa, Annabi (SAW) ya gaya wa Umar cewa abin da ya zo maka ba ka roƙa ba, ba ka sa masa rai ba, ka karɓa. Halal ne, ladanka yana nan. Amma wanda aka bayar don sayen ƙwallo ko riguna, na yara ne, ka rubuta shi daban.

Wallahu a'alam.