Ɗana, ga amsar tambayarka a kan ruwa-ruwa

Saƙonka ya iso, mutanen gida duk lafiya, innarka tana gaishe ka. Ka ce a karatunka ka ga yadda Iran da Rasha suke sayar da mai ta bayan fage duk da takunkumi, sai ka tuna da 'yan ruwa-ruwa masu jera kwalaben isansi a bakin titunan Maradi. Kana tambaya ko wannan sana'a al'adarmu ce ta gado, kuma me ya sa manya ba sa ganin ta abin kunya.

Kai kaya kudu da kawo kaya arewa, wannan kam mun gada. Masu sarautar garin nan Katsinawa ne da suka baro birninsu bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkinmu. Sai bayan kusan shekara ɗari Turawan Faransa da na Ingila suka zo suka shata iyaka. Mutumin Ɗan Isa da surukansa suke Jibiya, ta yaya za ka fahimtar da shi cewa buhun geron da ya kai musu fasa-ƙwauri ne? Daga nan rashin jin kunyar ya samo asali, kuma ban ga laifin kowa a kai ba.

Isansi kuwa baƙo ne a cikin fataucin. Kakanninka gyaɗa da fata da dabbobi da goro suka sani. Abin da ya haifi ruwa-ruwa shi ne tallafin da gwamnatin Najeriya ta daɗe tana zubawa a kan mai, har lita ta fi araha a can nesa ba kusa ba, sai yara suka riƙa ɗauro jarkoki a kan babura ta hanyoyin daji. Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019, ta kuma hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, bai hana ba. Amma da Tinubu ya ce tallafi ya ƙare ranar 29 ga Mayun 2023, cikin 'yan kwanaki sana'ar ta fara tangal-tangal. Abin da jawabin mutum ɗaya a Abuja zai iya karyawa ban kira shi al'ada ba.

Al'adar tana cikin yadda ake riƙon juna, kuma a nan nake so ka tsaya. Uban gida yakan ba yaronsa kaya na miliyoyi babu takarda, shaidarsu mutum biyu da sunan gidan da yaron ya fito. In 'yan duwan, wato jami'an kwastan, suka kama kayan ba da sakacin yaron ba, asara ta uban gida ce, ba a sa shi sayar da gonar ubansa. In hanya ta toshe, mai bin bashi ba ya matsawa, wanda ake bi kuma ba ya cewa bashi ya bi ruwa. Mai masaukinka na Katsina ko Kano zai riƙe maka kuɗinka ko shekara nawa za a yi. Sannan wanda ya kulle sito ya ɓoye hatsi yana jiran tsada, ko ya je Makka sau goma, za a gaishe shi a masallaci amma ba za a ba ɗansa aure da daɗin rai ba. Mun ga haka a 1984, lokacin da Buhari ya rufe iyaka ga fari ya sauka, yunwar da mutane suka raɗa wa El-Buhari. Har yau tsofaffi sun san gidan da ya buɗe sito da gidan da ya kulle, ko da yake ba a faɗa a gaban yara. Yaran yanzu da yawa sun ɗauki hanyar daji sun bar waɗannan ƙa'idoji, ga gaurayen mai, ga tara jarkoki a ɗakin da mata suke girki kusa da shi.

Da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa mana takunkumi a ƙarshen Yulin 2023, bayan juyin mulkin ranar 26, ba isansi ne ya fara gagarar mu ba. Wuta ce, domin layinmu daga Katsina yake zuwa kuma Najeriya ta yanke, sai magani, sai shinkafa, sai kuɗi a banki. Mai ya samu saboda matatar SORAZ ta kusa da Damagaram, wadda take tace ganga 20,000 a rana tun 2011. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, amma rigimar ba ta bar mai ba. Bututun da aka shimfiɗa daga rijiyoyin manmu na Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000, yana gamawa sai Benin ta hana lodi a watan Mayun 2024 saboda mun ƙi buɗe iyakarmu, sai da 'yan Sin suka shiga tsakani jirgin farko ya tashi. Kuma a Maris na 2025 ka ga layukan da aka yi a gidajen mai, domin da man Najeriya ya daina malalowa sai ta bayyana cewa matatar ita kaɗai ba ta ƙosar da ƙasar.

Kwatancinka da Iran da Rasha yana da gaskiya ta gefe ɗaya. Su ma suna kashe na'urar da ke nuna inda jirgi yake, suna juye mai daga wannan jirgi zuwa wancan a tsakiyar teku. Amma duba wanda yake cin riba. Tun da Turawan yamma suka ƙayyade wa man Rasha dala 60 a ganga a Disamban 2022, Indiya da Sin suke saye da rangwame, kuma mafi yawan man Iran Sin yake tafiya a kan farashin da mai saye ya ga dama. Wanda aka toshe wa ƙofa ba ya tsawwala kuɗin kayansa.

Inda takunkumi ya fi ciwo kuwa shi ne kayan aikin nemo man, wato abin da kake karantawa. Ka fi ni sanin yadda ake yi: manyan motoci suna girgiza ƙasa, dubban na'urori a jere kan rairayi suna ɗaukar amon da yake dawowa daga duwatsun ƙarƙashi, kwamfuta ta zana hoton, sannan a haƙa rijiyar gwaji mai zurfin kilomita biyu ko uku, wadda za ta iya fitowa a bushe bayan an narka dukiya. Wannan ba ya ɗauruwa a bayan babur. A 2014 an hana sayar wa Rasha fasahar haƙa a teku mai zurfi da yankin ƙanƙara, dole kamfanin Amurka na ExxonMobil ya janye daga aikin da yake yi da kamfanin Rasha na Rosneft a tekun Kara. Mu ma ai tun shekarun 1970 aka san akwai mai a gabashin ƙasar nan. Kamfanonin Texaco da Esso da Elf da Petronas duk sun leƙa sun tafi, suna ganin bai kai a ja bututu cikin hamada ba. Yana nan kwance sai da kamfanin man Sin na CNPC ya sa hannu a 2008.

Na san abin da ya sa ka yi tambayar, ƙanenka ya same ka kamar yadda ya same ni. Yana so in ba shi jari ya shiga ruwa-ruwa, na ce a'a, kuma ba don 'yan duwan ba. Tun da gwamnati ta mayar da lita sefa 499 a 2024, ribar ta zama 'yar kaɗan, haɗarin wuta da na hanya kuwa yana nan yadda yake. Na yi masa magana da wani abokina mai sayar da kayan babur a babbar kasuwa, ya yarda zai riƙe shi a kan ƙa'idar da na bayyana maka. Ka kira shi kafin Juma'a ka lallashe shi, ya fi jin maganarka. In za ka zo hutu ka taho da hoton ƙarƙashin ƙasar nan da kake ba ni labari, ina so in gani da idona.