Tsohon yaron shagona ya kwashe kuɗi da lambar sirrin da na ba shi, laifi ne a doka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Yaron da ke riƙe min POS da manhajar banki ta shago ya bar aiki bayan Babbar Sallah, muka rabu lafiya, ban canja lambar sirri ba. Da na karɓo bayanan asusu sai na ga kusan naira miliyan 2 sun fita da daddare, kaɗan-kaɗan, zuwa wasu asusu uku da ban sani ba. Na kira shi, ya ce ai da hannuna na ba shi lambar, ba wanda zai ce ya yi kutse. Ɗan ƙanena kuma ya ce zai iya buɗe WhatsApp ɗin yaron ya samo min hujja. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Allah Ya mayar da alheri.

Maganar yaron ba ta da ƙafa. Ka ba shi lambar ne don ya yi maka aiki, izinin kuma ya ƙare ranar da aikin ya ƙare. Wanda ka ba makullin shago don ya riƙa buɗewa da safe, in ya dawo tsakar dare bayan kun rabu ya ɗebi bandir goma, ba alƙalin da zai saurari cewa kai ka ba shi makullin.

Dokar laifukan intanet ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a 2015 aka kuma yi mata gyara a 2024, ta taɓo maganarka a wurare uku. Sashe na 6 ya haramta shiga kwamfuta ko tsarin sadarwa ba da izini ba don yin zamba, hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara 7 ko tarar naira miliyan 7, ko a haɗa wa mutum duka. Waya ma kwamfuta ce a wurin wannan doka. Sashe na 14 ya fi dacewa da kai, domin bai tsaya kan wanda ba shi da izini kwata-kwata ba, ya haɗa da wanda ya wuce iyakar izinin da aka ba shi har ya jawo wa wani asarar dukiya ta hanyar shigar da bayanai ko sauya su. Nan ɗaurin ba ya gaza shekara 3, tarar ba ta gaza miliyan 7. Wato ko yana bakin aiki ne ya tura kuɗin inda ba ka ce ba, sashen ya kama shi.

Na ukun shi ne wanda 'yan kasuwa da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba. Sashe na 31 ya wajabta wa kowane ma'aikaci, na gwamnati ko na ɗan kasuwa, ya miƙa duk lambobin sirri da damar shiga da ke hannunsa da zarar ya bar aiki. Ci gaba da riƙe su ba da dalili ba laifi ne mai zaman kansa, shekara 3 ko naira miliyan 3, tun kafin a zo maganar ko ya taɓa kwabo.

Sai dai ɗaure yaro daban, dawowar kuɗinka daban, kuma na san na biyun ne ke hana ka barci. Kuɗin da aka rarraba asusu uku ba sa daɗewa a wurin, ana cire su a wajen masu POS ko a sake tura su gaba. Don haka yau ɗin nan, kafin la'asar, ka canja kowace lambar sirri, ka sa a cire manhajar daga duk wayar da ba taka ba, ka duba ko lambar wayar yaron ce ke karɓar saƙon tabbatarwa. Sannan ka kai wa bankin koke a rubuce, da kwanan wata da adadin kowace fita, ka nemi su tuntuɓi bankunan da kuɗin suka shiga a tsare abin da ya rage. Ka karɓi lambar koken. In mako biyu ya wuce shiru, sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya yana karɓar ƙorafi. Amma kada ka sa rai banki zai biya ka daga aljihunsa: dokar ta ɗora wa mai asusu nauyin nuna sakacin banki, ga shi kuwa da lambarka ta gaskiya aka shiga.

Bayan banki sai 'yan sanda ko ofishin EFCC na nan Kano. Shari'ar wannan doka Babbar Kotun Tarayya ce ke yin ta, kuma tana da ikon ta umarci a mayar maka da kuɗinka. Ka tafi da bayanan asusu masu hatimin banki. Hoton fuskar waya kaɗai ba ya wadatarwa, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga na'ura, har da takardar tabbatarwa. Lauya zai tsara maka wannan.

Shi kuwa ɗan ƙanenka, ka hana shi. Buɗe WhatsApp ɗin wani ba da izininsa ba shi ma kutse ne, sai ka je kai ƙara ka dawo ana neman belin ɗanka. Mai bincike yana da hanyar neman bayanan wayar da umarnin kotu. In yaron ya amsa a saƙon da ya turo maka cewa shi ya shiga, wannan naka ne, ka adana shi, kada ka goge komai.

Na san dattawan layinku za su zo da maganar sulhu, wataƙila tare da mahaifinsa. Ban ƙi ba, sau da yawa ta nan kuɗi ya fi saurin dawowa. Amma a yi shi bayan koken banki ya shiga, a rubuta adadin da ya amsa da ranakun biya, da mai tsaya masa, shugabannin kasuwa su sa hannu a matsayin shaidu, lauyanka kuma ya duba takardar kafin ka janye komai.