Hukuncin haɗa Azahar da La'asar kullum saboda aiki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne mai iyali, ina shiga aiki da safe, ba na tashi sai yamma. Ana ba mu hutun rabin awa bayan rana ta karkata, amma a ciki nake cin abinci, shi ya sa nake barin Azahar sai na tashi in haɗa ta da La'asar. Wani ya ce mini akwai hadisin da ya halatta haka. Tsayuwar dare da karatun Alƙur'ani duk na daina, zuciyata ta bushe, har ina tsoron ko munafunci ne ya shige ni. In ci gaba da haɗawar, ko in ajiye aikin?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, hukuncinka yana cikin abin da ka faɗa da bakinka, cewa ana ba ku rabin awa bayan lokacin Azahar ya shiga. Wanda yake da rabin awa ba a kira shi mai lalura, domin alwala da raka'a huɗu ba su wuce minti goma, sauran kuma ya ishe ka cin abinci. Saboda haka bai halatta ka fitar da Azahar daga lokacinta ba, kuma ka tuba daga abin da ya wuce.

Hadisin da aka faɗa maka ingantacce ne. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya haɗa Azahar da La'asar, da Magariba da Isha'i, a Madina ba tare da tsoro ko tafiya ba, kuma da aka tambayi Ibn Abbas dalili sai ya ce don kada ya ƙuntata wa al'ummarsa. Sai dai wanda ya kawo maka shi ya ɗora masa abin da ba ya ɗauka. Imam Malik ya fahimci cewa saboda ruwan sama ne, wasu malamai kuma sun ce jinkirta Azahar aka yi zuwa ƙarshen lokacinta sannan aka yi La'asar a farkon nata, kowace a lokacinta. Hatta waɗanda suka ɗauke shi a zahirinsa, irin su Ibn Sirin da Ashhab, sun gindaya sharaɗin kada mutum ya mayar da shi al'ada. Likitan da yake tsakiyar tiyata, wanda in ya fita rai zai salwanta, yana da hujja a nan. Wanda yake haɗawa kowace ranar aiki alhali yana da sarari ya faɗa cikin abin da sharaɗin ya hana. Kuma da aiki kaɗai yana halatta wannan, da sahabbai sun fi kowa yin sa, tunda Muhajirai 'yan kasuwa ne, Ansaru kuma manoma, amma ba a san su da haɗa salla kullum ba.

Batun ajiye aiki kuwa, ba na ba ka shawarar haka matuƙar aikin halal ne, domin ciyar da iyalinka wajibi ne, tsayuwar dare kuma nafila ce. A aya ta 20 ta Suratul Muzzammil Allah ya sauƙaƙa tsayuwar dare, ya ambaci masu tafiya neman falalarsa cikin masu uzuri, ya ce a karanta abin da ya sauƙaƙa.

Tsoron munafunci da kake ji, sahabi Hanzala ya riga ka jin sa, lokacin da ya ga zuciyarsa tana canzawa idan ya bar majalisin Annabi (SAW) ya koma ga iyali da gona, kuma Annabi bai kira shi munafuki ba, sai ya nuna masa cewa kowane hali da lokacinsa. Ina kyautata zaton bushewar da kake ji tushenta Azahar ɗin nan ne, don haka ka fara gyara ta kafin ka nemi daɗin nafila. Bayan haka ka ɗauki kaɗan wanda za ka dawwama a kai: wutiri kafin barci ko da raka'a ɗaya, shafi guda bayan Asuba, da zikirin safe da yamma a kan hanyarka. Ka kuma duba daren da kyau, domin mutane da yawa suna ɗora wa aiki laifin da waya ce ta yi shi.

Ina kuma jan kunnenka kada ka koma ɗaya gefen, ka riƙa tsawaita nafila ko karatu a lokacin da ake biyan ka albashi a kansa, domin wannan lokacin amana ne. Farilla da sunnoninta gajeru su ne haƙƙinka a wurin aiki. Idan kuma wata rana aka hana ku hutun, ka yi wa shugabanka magana cikin ladabi, sannan ka dawo da tambaya, domin hukuncin zai iya canzawa.

Wallahu a'alam.