Amsa kan taransifomar raba wuta da ƙugin lasifika

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ƙanena mai situdiyo, na saurari saƙonka. Ka ce ka sayo taransifomar raba wuta ta hannu don ka kashe ƙugin nan da ke fita a lasifika, sai ka buɗe ka tarar da wayoyi sun yi maka yawa, har wani ya ba ka shawarar ka yanke wayar atin, wato wayar tsaro mai kai wutar da ta zurare zuwa ƙasa. To, don Allah ajiye filayar nan tukuna, ka saurare ni.

Abin da ke cikinta naɗin waya ne guda biyu a kan ƙarfe ɗaya. Ɗaya na karɓar wuta daga soket, ɗaya na ba kayanka. Babu inda suka taɓa juna, maganaɗisu ne kawai ke ɗauke wutar daga wannan zuwa wancan, kamar maƙwabta na hira ta kan katanga. Volt 230 ya shiga, 230 ya fita. Shi ke nan aikinta. Ba sitabilaiza ba ce, in wuta ta zo a raunane haka za ta miƙa maka ita a raunane.

Kafin komai, tabbatar ma ita ce. Cire ta daga wuta, ɗauko mita ka sa a wurin da take yin ƙara, ka ɗora baki ɗaya a wayar shiga, ɗaya a ta fita. In ta yi tsit, madalla. In ta yi ƙii, to naɗi ɗaya ne a ciki, irin na yawancin ƙananan taransifomomin da ake rage wuta da su zuwa 110, kuma wannan ba ta raba komai, ko me mai shago ya rantse maka.

Sai wayoyi huɗun da ka gani a ɓangaren shiga. Galibi naɗi biyu ne, kowanne na volt 115, an yi haka don ta yi aiki a Amurka ta kuma yi a ƙasashe irin namu. A nan dole a jere za ka haɗa su, ƙarshen na farko ya kama farkon na biyu, ragowar biyun su tafi wayar wuta da nutural. In ka haɗa su gefe da gefe irin na Amurka ka ba ta 230, hayaƙi za ka gani. In kuma ka juya naɗi ɗaya baibai, sai su kashe ƙarfin juna, fis ya tashi nan take. Kada ka yi canke da launi, kowane kamfani da nasa, bi zanen da ke jikinta. Ni dai in zan jarraba irin wannan, ƙwan fitila na da, mai zare, nake sawa a jere da wayar wutar, ba tare da na jona komai a bayanta ba. Ya ɗan haska ya dushe, lafiya. Ya tsaya da haske tar, akwai kuskure, kashe.

Duba kuma ko an rubuta 50Hz, wato saurin kaɗawar wutarmu ta nan. Wadda aka yi don 60 kaɗai tana iya zafi da gurnani a wutarmu. Duba VA ɗinta ma, wato lambar da ke nuna nauyin kayan da za ta iya ɗauka. Mai 500 abin da za ta iya bai fi amp biyu da ɗan kai ba, ta ishi mikisa da kwamfuta da ƙananan lasifiku, amma kada ka ɗora mata babbar amfilifaya. Fis kuma ka sa mai jinkiri, wanda ake rubuta wa T, domin taransifoma, musamman mai siffar zobe, tana fizgar wuta sosai lokacin kunnawa.

Yawwa, yanzu maganar atin, kuma nan ne nake so kowa a gidan nan ya buɗe kunne. Wayar nan mai kore da rawaya ba ta bi ta cikin naɗi. Daga filogi take wucewa kai tsaye ta kama jikin akwatin, ta zarce soket ɗin fita. In akwai wata waya guda da ta fito daga tsakanin naɗin biyu, ta garkuwar tagulla ce mai tare hayaniya, ita ma atin za ta. To kun ga matsalar? Ƙugin nan sau da yawa ta atin yake zagayawa, mikisa na soket ɗin nan, amfilifaya na wancan, wayar sauti ta haɗa su, an sami da'ira. Taransifomarka ba ta tsinka wannan da'irar ba. Shi ya sa mutum zai kashe kuɗi ya ji ƙugi na nan daram, sai ya huce a kan atin. Ƙugin zai iya ɗaukewa kuwa, ban musa ba. Amma ranar da waya ta goge a cikin amfilifaya, jikinta da makirufon da ke bakin mawaƙinka su ne za su ɗauki wutar.

Kuma kada wani ya ce ai wutar bayanta ba ta ja. Kama wayoyin fita biyun ka gani, 230 ne cif, kuma RCD ɗin da ke allon gidanka, wato na'urar da ke katse wuta in ta zurare zuwa ƙasa, ba zai san abin da ake ciki ba, balle ya katse. In kaya da yawa za ka jona, nemo ƙwararren mai gyaran wuta ya ɗaure ƙafa ɗaya ta fita da atin ta zama nutural, ya sa maka wani RCD na 30mA a bayanta.

Shi kuwa ƙugin, fara da mai arha. Tara duk kayan a soket ɗaya. Yi amfani da wayar XLR, mai baki uku irin ta makirufo, inda duk ta samu. Bai tafi ba, sayi akwatin DI, ɗan akwatin da sauti ke bi ta ciki kafin ya shiga mikisa, mai maɓallin ɗage atin na wayar sauti, ko ƙaramar taransifomar sauti, ka sa a kan wayar sauti, can ne ake tsinka da'irar ba tare da an taɓa tsaron rai ba.

Ka ɗauko mana hoton takardar da ke jikinta da na wayoyin ka turo nan kafin ka jona. Sai na ji ka.